Tambaya da amsa: Ya zan nuna kewar gida ta ɗaliban China ba tare da hoto ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatun zane da tsara ɗakuna a Ingila, an ba mu aiki mu haɗa ɗan ɗaki da zai sa mutum ya ji baƙunta da kewar gida irin ta ɗaliban China da muke karatu tare, ta hanyar ƙamshi da sauti da taɓawa. Ni jajayen fitilu da dodon nan nasu kawai ke zuwa min a rai. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Fitilun nan da dodon ki ajiye su gefe tukuna, wannan China ce ta idon baƙo. Ke kanki in za a taɓo miki kewar gida ai ba hoton hawan sallah zai sa ki ƙwalla ba, ƙamshin daddawa ne cikin miyar kuka ya bugo ki ba shiri. To su ma haka ne, har kalma gare su ta wannan ciwon, xiangchou.

Ki fara da hanci. Saƙon ƙamshi yana isa ɓangarorin ƙwaƙwalwa masu riƙe tunani da motsin rai ta gajeriyar hanya, ba ya bin zagayen da gani da ji ke bi, shi ya sa kafin mutum ya gane me ya shaƙa zuciyarsa ta riga ta karye. Amma fa China ba ɗaya ba ce, nan ne ɗalibai da yawa ke zamewa. Ɗan Sichuan abin da zai tsayar da shi cak shi ne huajiao, ɗan yajin nan mai sa harshe ya mutu, in an jefa shi a mai mai zafi. 'Yar Hangzhou kuwa furen guihua ne da ke cika garin da ƙamshi lokacin kaka. Wasu kuma ruwan turaren Liushen ne, wanda iyaye ke shafa wa yara lokacin zafi saboda cizon sauro. Don haka ki zauna da mutum uku ko huɗu cikin 'yan ajinku ki tambaye su me suka cusa a akwati ranar tahowa, za ki ji kwalbar yajin Lao Gan Ma da tukunyar shinkafa ta lantarki da fulas.

Fulas ɗin nan kar ki raina shi. Su ruwan zafi suka saba sha tun suna yara, sai ga shi a Ingila ana miƙo musu ruwan sanyi har da ƙanƙara. Ki ajiye kofi biyu a tebur, ɗaya da ɗumi ɗaya sanyi ƙalau, mai shigowa ya riƙe su da hannu biyu, wallahi ya fi dogon bayani a bango.

Wajen sauti kuma inda na fi so ki daɗe kenan, domin baƙunta ita ce abu ya zo amma bai zo daidai ba. Tsakanin Landan da Beijing awa 8 ne lokacin sanyi, 7 lokacin zafi, lokacin sanyi yarinya ta fito daga aji ƙarfe 3 na rana uwarta can ƙarfe 11 na dare tana gyangyaɗi da waya a hannu tana jiran kiran WeChat, manhajar da suke kira da tura saƙo da ita a China. Ki rataya agogo biyu, ki sa ƙarar kiran, sai muryar uwa cikin harshen garinsu tana tambayar ko an ci abinci tana yankewa saboda intanet, kuma ba sai kin fassara ba, rashin ganewar ma wani abu ne da mai shigowa zai ɗanɗana. In kina so ki ƙara, ki sa ƙarar suya a kasko sai ƙararrawar hayaƙi ta hostel ta katse ta, duk wanda ya taɓa girki a ɗakunan nan ya san wannan kunyar.

Muryar da za ki ɗauka ki nemi izinin uwar da na ɗalibar. Ƙamshin kuma kar ki fesa shi a ɗaki, hanci na saurin sabawa cikin 'yan mintuna kuma wasu na da asma, ki zuba kowanne a 'yar kwalba mai murfi mutum ya buɗe da kansa, ki rubuta sunan garin a ƙasan murfin yadda sai ya shaƙa sannan zai gani.