Na Ba Ma'aikaciyar Jirgi Kyautar Kuɗi Ta Ƙi Karɓa: Laifi Na Yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni 'yar kasuwa ce a Jos. A watan jiya na raka mahaifiyata Umara, muka tashi daga Abuja. Muna sama numfashinta ya fara sarƙewa, sai wata ma'aikaciyar jirgi ta durƙusa gabanta ta sa mata iskar oksijin, ba ta bar wurin ba sai da Inna ta dawo hayyacinta. Da za mu sauka na sa kuɗi a ambulan na miƙa mata, na ce ta raba da matuƙin jirgin, amma ta mayar mini da hannu biyu tana ba ni haƙuri. Tun ranar raina bai kwanta ba. Raini na yi mata, ko na jawo mata matsala a wurin aiki? Ƙanin mijina kuma ya ce asarar kuɗi na so yi, wai masu awon kaya ake ba na goro domin su wuce wa mutum da kayan da suka yi yawa. Ina neman bayani. Daga Hajiya, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya karɓi ibadarku. Na daɗe ina aiki a cikin jirgi kafin na koma horar da ma'aikatansa a nan Abuja, kuma an sha miƙo mini irin wannan ambulan, don haka ki kwantar da hankalinki: ba ki yi raini ba, ba ki kuma jawo wa yarinyar nan komai ba. Dokar yawancin kamfanonin jiragen sama ta hana ma'aikaci karɓar kuɗi daga hannun fasinja, kuma da ta karɓa ne ma za ta iya shiga tuhuma.

Dalilin dokar shi ne ainihin aikinta. Raba shayi da abinci shi ne abin da ido ke gani, amma an sa ta a jirgin ne saboda ranar da abu ya ɓaci. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce ma'aikaci ɗaya ga kowace kujera 50, kuma ba a amince wa babban jirgin fasinja ya fara aiki sai an nuna cewa za a iya kwashe kowa daga cikinsa a daƙiƙa 90 ta rabin ƙofofinsa. Mai irin wannan nauyi dole ta iya ce wa babban Alhaji ya zauna ya ɗaura bel, ko ta tashe shi daga kujerar ƙofar gaggawa idan ta ga ba zai iya buɗe ta ba. Idan baki ya ci, ido sai ya ji kunya, kuma kunya a wannan wuri tana iya cin rai. Shi kuwa matuƙi albashi yake karɓa, kuma tun bayan harin 11 ga Satumba, 2001 ƙofar ɗakinsa a kulle take muddin jirgi na tafiya.

Akwai inda ake bayarwa. A Amurka masu ɗaukar shatar ƙaramin jirgi ko masu hawa jirgin yawon buɗe ido sukan yi wa matuƙi ihsani, kuma kamfanin Frontier ya buɗe wa fasinja hanyar ƙara wa ma'aikaci wani abu idan ya sayi abin sha, matakin da ƙungiyar ma'aikatan jirgi ta can ta nuna rashin amincewa da shi. Wannan al'adarsu ce ta can, ba ta shafi jirgin da ya kai ki Jidda ba. Idan kina son saka mata, ki rubuta wa kamfanin takardar yabo da sunanta, da lambar jirgin, da ranar tafiyar. Irin wannan takarda tana shiga fayil ɗin ma'aikaci, kuma tana amfani ranar da ake duba ƙarin girma. Dabino ko alewa a rufe cikin kwalinsu ma akan karɓa da murna.

Maganar ƙanin mijinki ce ta fi tayar mini da hankali, domin kusan kullum sai na ji ta a bakin mutanen kirki masu salla da azumi, waɗanda ba su taɓa ɗaukar abin a matsayin laifi ba. Na tsaya da idona na ga yadda ake yi a wani filin jirgi: an ɗora ƙatuwar jakar 'yan kasuwa a kan sikeli, wani ɗan kamasho ya tsaya gefe ya tallafe ta da gwiwa ta yadda rabin nauyinta yana jikinsa, mai awo ya kau da kai ya rubuta abin da allon ya nuna, mai kaya kuwa yana murmushi ya ci riba. A zatonsa ya cuci kamfani ne da 'yan dubbai. Bai san cewa ƙaryar da aka rubuta a wannan teburi ita ce za ta hau takardar lodi da kyaftin zai sa wa hannu ba.

Daga wannan takarda matuƙi yake lissafa gudun da jirgi zai kai kafin ya ɗaga hanci, da tsawon titin da zai ci, da yadda zai saita fiffiken wutsiya, domin ba yawan nauyi kaɗai ake dubawa ba, har da inda nauyin ya zauna, gaba ne ko baya. Gaskiya ne kilo 10 na mutum ɗaya ba zai kayar da babban jirgi ba, kuma da wannan ne 'yan kamasho suke ruɗin mutane. To amma mai awon da ya karɓi naki ya karɓi na wanda ke gabanki da na bayanki. Fasinja 100, kowa ya ɓoye kilo 10, an sami tan guda ke nan wanda matuƙi bai san da shi ba. Ke da kike Jos ma abin ya fi shafarki: filin jirgin Yakubu Gowon da ke Heipang yana kan tudu sama da mita 1,200 daga doron teku, iskar wurin ba ta da kauri, don haka jirgi yana bukatar titi mai tsawo kafin ya tashi, musamman da tsakar rana. Shi ya sa wani lokaci za a bar wasu akwatuna a baya mutane su yi ta faɗa, alhali kuwa lissafi ne ya hukunta haka.

Wanda yake ganin tsoratarwa ce ya tuna haɗarin jirgin da aka yi a Kwatano, a Jamhuriyar Benin. Ranar 25 ga Disamba, 2003 wani jirgi ƙirar Boeing 727 da zai tafi Beirut ya kasa ɗagawa yadda ya kamata, ya daki wani gini a ƙarshen titi, ya faɗa bakin teku, mutum sama da 130 suka rasu. Bincike ya nuna cewa an yi masa lodi fiye da kima, an jibga kaya ba tsari, kuma matuƙan ba su san ainihin nauyin da suke ɗauke da shi ba. Kowace jaka a cikin wannan lodi tana da mai ita, kuma kowannensu yana ganin tasa ɗaya ba za ta yi komai ba.

Abin bai tsaya ga nauyi ba. Hannun da ya saba karɓar na goro domin ya kau da kai daga sikeli, shi ne zai kau da kai daga batirin cajin waya da aka cusa cikin akwatin da za a sa a ƙarƙashin jirgi, inda idan ya kama wuta babu mai kai masa hannu. Shi ne kuma zai iya manna takardar kaya mai sunanki a jikin jakar da ba ki taɓa gani ba, ki sauka a Saudiyya, ƙasar da ke yanke hukuncin kisa kan safarar ƙwaya, a ce taki ce. Raina yana ɓaci idan na ji ana kiran wannan alheri. Abin da kika miƙa wa yarinyar nan kyauta ce, bayan aiki ya ƙare, ba ki nemi komai a madadinsa ba. Abin da ƙanin mijinki yake nufi kuwa sayen ƙarya ne kafin aiki, sunansa rashawa, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai ba da ita da mai karɓarta. Mutum ya kama hanyar Ɗakin Allah sannan ya buɗe tafiyar da toshiyar baki, ya kuma jefa rayukan mahaifiyarsa da na 'ya'yan wasu cikin haɗari saboda atamfa da turare, wannan abin a ji tsoron Allah ne.

A tafiyarki ta gaba, Hajiya, ki auna kayanki tun daga gida. Idan sun zarce, ki biya kuɗin ƙari a teburin kamfani ki karɓi rasit. Ki tsaya a auna kowace jaka a gabanki, ki ƙirga 'yan takardun kaya da aka manna miki ki tabbatar sun yi daidai da yawan jakunkunanki, kada kuma ki karɓi saƙon da ba ki buɗe kin gani ba, ko na wane ne. Duk wanda ya nemi na goro a wurin awo, ki kai ƙararsa ga jami'an kare haƙƙin fasinja na hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama a Najeriya, suna da teburi a filin jirgin Nnamdi Azikiwe da ke Abuja. Ki kuma nuna wa ƙanin mijinki wannan amsa, ki gaishe mini da Inna.