Me ya sa take cije wa Alhaji, kai ba ta cije maka ba?

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce wani Alhaji ya kawo fistol ɗinsa, irin 'yar mitsitsiyar nan mai cin harsashin 9mm, yana ƙorafin tana cijewa, kwanso yana maƙalewa a tsaye a tagar da yake fita. Ka kwance ta, ka wanke, ka duba ƙugiyar da ke zaro kwanso da sifirin, ka shiga layin harbi ka juye mata magazin biyu, wato gidan harsashi, ko tari ba ta yi ba. Da ka miƙa masa, bai kai ko'ina ba ta cije. Kana tambaya ina ciwon yake, kuma me za ka ce masa, tun da ya rantse in ba ta gyaru ba zai nemi wadda ta fi ta ƙanƙanta, wai wannan tana dukan masa hannu.

Kada ka sake kwance ta. Yadda ka kwatanta, bindigar lafiyarta ƙalau. Ciwon yana tsakanin ta da wuyan hannun Alhaji, kuma maganin da ya zaɓar wa kansa ƙara masa ciwon zai yi.

Fara da shurin, wato dukan da bindiga take yowa baya in an harba. Mutane da yawa suna ɗauka ƙaramar bindiga ta fi sauƙin hali, to lissafi bai yarda da su ba. Kan harsashin 9mm da muka fi gani nauyinsa kamar giram 8 ne, yana fita da gudun wajen mita 350 a daƙiƙa ɗaya. Duk abin da ya tura shi gaba, shi ne yake turo bindigar baya, babu ragi. CZ 75 ta ƙarfe, wadda aka fitar a 1975, nauyinta kusan kilo guda ne, don haka za ta yo baya da gudun da bai cika mita 3 a daƙiƙa ba. Ɗauki SIG P365 ta 2018 ko Glock 43 ta 2015, kowacce wajen rabin kilo. Harsashin bai canza ba, amma gudun dawowar ya ninka, dukan da tafin hannu zai sha ma ya ninka. Ban sa turin hayaƙin albarushi a lissafin ba, shi ma ƙari ne.

Ga kuma mariƙi. A Glock 19 yatsunka uku na ƙasa duk suna samun wurin zama. A Glock 26, da ire-irenta masu guntun mariƙi, ƙaramin yatsa a iska yake lilo, alhali shi da na kusa da shi su ne suke danne hancin bindiga kada ya yi sama. Mariƙin kuma in siriri ne, dukan wuri ɗaya yake taruwa, nan tsakanin babban yatsa da manuni. Bututun gajere ne, albarushi bai gama cinyewa ba harsashi ya fita, sai ƙara da walƙiya su ƙaru. Rabin abin da mutum yake kira shuri, in ka bibiya, ƙarar ce ta razana shi. Shi ya sa nake ce muku sabon mai harbi a haɗa masa toshiyar cikin kunne da ta waje gaba ɗaya.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka fahimta, don nan sana'ar take. Fistol mai ɗura wa kanta da wannan shurin take aiki. Shi ne yake jan silaid, wato ƙarfen saman bindigar mai zamewa gaba da baya, ya kai shi baya, ƙugiya ta zaro kwanso, ya daki abin da ke cilla shi waje, silaid ya wuce bayan harsashi na gaba, sifirin ya maido shi ya kwashi harsashin ya cusa a bututu. Duk wannan yana yiwuwa ne idan gangar jikin bindigar ta tsaya cak, silaid shi kaɗai ya yi tafiyarsa. Ka tuna zare wuƙa daga kube: in ba a riƙe kuben ba, biyo wuƙar zai yi, ba za ta fito ba. Hannun mai harbi shi ne mai riƙe kuben. Idan wuyan hannu ya yi laushi, gangar jikin ta bi silaid baya, ƙarfin da zai kai shi ƙarshen tafiyarsa ya zube a hanya. Kwanso ya fito rabi, silaid ya dawo ya datse shi a tsaye. Abin da ka gani a hannun Alhaji ke nan. Kai hannunka ya saba da matse ƙarfe yini guda, ba ka ma san kana riƙe ta da ƙarfi ba.

Babbar bindiga tana yafe irin wannan, nauyinta kaɗai yana tsayar da ita. Ƙarama ba ta da wannan rarar. Silaid ɗinta gajere ne, ba nauyi, gudu yake sosai, tafiyarsa kaɗan. Don kada ya riƙa dukan gangar jiki sai masu ƙira su sa masa sifirin mai tauri, sau da yawa biyu, ɗaya cikin ɗaya. Lokacin da magazin yake da shi na ɗago harsashi kafin silaid ya dawo ya zama ɗan ƙiris. Sifirin ɗin magazin ya ɗan gaji, ko harsashi ya zo da rauni, ko ƙura ta shiga, ko hannu ya saki, kowanne ɗaya ya isa. Ban ce ƙananan bindigogin zamani ba su da aminci ba, a'a, akwai masu kyau ƙwarai. Sai dai duk abin da babba za ta haɗiye ta wuce, ƙarama tsayawa take ta gaya maka.

Wani zai ce to a sauko zuwa ƙaramin harsashi, .380 ɗin da John Browning ya fitar a 1908, ko 9×18 na Makarov. Nan ma sai ka duba yadda aka ƙera cikin. Walther PPK ta 1931 da Makarov ta 1951 ba su da makulli tsakanin bututu da silaid. Bututun a kafe yake, nauyin silaid da taurin sifirin kawai suke tare matsin. Shi ya sa PPK take da kaifin duka fiye da yadda harsashinta ya cancanta, mai kaurin hannu kuma silaid yakan yanke shi a bayan babban yatsa. Jan silaid ɗinsu ma aiki ne ga dattijo ko mai ciwon gaɓoɓi. Wadda take da makulli irin tsarin Browning, inda bututu da silaid suke tafiya tare na ɗan taƙi kafin bututun ya sunkuya ya saki, tana shimfiɗa dukan ya zo a hankali. Saboda haka .380 mai makulli, mai ɗan jiki, takan fi taushi nesa ba kusa ba. Makarov dai ina girmama ta, kayan cikinta kaɗan ne, ba ta da shagwaɓa, amma ba ita zan ba mai raunin hannu ba.

Libarba mai juyi fa? Ita ba ruwanta da wuyan hannu, yatsanka ne yake juya ta. Harsashi ya ƙi tashi, ka sake jan kunama ta wuce na gaba. Amma ƙananan, irin Smith & Wesson mai cin biyar da aka fara a 1950, kunamarsu doguwa ce mai nauyi, kuma babu silaid da zai rage maka komai, duka ɗungurungum yake zuwa. Marasa nauyin cikinsu in aka ɗura musu harsashi mai zafi, girgizar takan zaro kan harsasan da ke jira har ɗaya ya leƙo ya hana ta juyawa. Ranar da libarba ta cije, ba a layin harbi ake gyara ta ba, sai an kawo ta teburinmu.

Akwai abin da ban ji ka ambata ba: magazin nawa Alhaji yake da su, kuma da wanne ka gwada? A abin da yake zuwa hannunmu, magazin ya fi komai jawo cijewa. Leɓensa ya buɗe don an sha yar da shi a kan siminti, ko sifirin ya mutu, ko na kasuwa ne mai araha. Sojojin Amurka sun karɓi Beretta M9 a 1985, bindiga ce babba mai suna, amma a Iraƙi bayan 2003 ta yi ta ba su kunya. Da aka bincika, wasu magazin da aka yi kwangilarsu ne, an yi musu shafe mai kaushi a ciki, rairayi yana kamawa, harsasai su ƙi hawowa. Sai da aka canza shafen. Rairayinmu da nasu ɗaya ne. Ka sa wa kowane magazin lamba a gindi da alƙalamin fenti. Duk wanda ta cije da shi ka rubuta. In lamba ɗaya ce take maimaituwa, ka san ɓarawonka, a jefar da shi, kada ka ɓata lokaci kana matse leɓe da filaya.

Maganar mai kuwa, mu a Jidda tsakanin abu biyu muke. Danshin teku da gumin jiki suna cin ƙarfe, wanda yake ajiye ta a jikinsa za ka ga tsatsa ta fara daga maɓallin magazin da wajen saiti. In kuma mutum ya fita sahara, mai ya haɗu da ƙura ya zama kwaɓi. Ɗigo kaɗan a kan layin da silaid yake gudu, kaɗan a jikin bututu inda yake gogayya, ka share sauran. Cikin magazin a bushe. Ramin allura, wato tsinken da ke dukan harsashi ya tashi, shi ma a bushe, don in mai ya daskare a can allurar ba ta dukan gindin harsashi da ƙarfi, sai ka ga ɗan tabo marar zurfi kuma bai tashi ba. Sifirin ɗin silaid na ƙananan bindigogi ya fi na manya saurin gajiya. Ka duba littafin kamfanin ka canza a kan adadin da suka faɗa, kada ka jira sai ya karye.

Idan Alhaji ya dawo, ga yadda za ka bi da shi. Kada ka ce masa laifinsa ne, dattijo ne, kuma kuɗinsa ya sa. Ka ce, “Alhaji, bari mu gwada wani riƙo.” Hannun dama ya hau can sama har ya tokari ƙeyar bindigar, kada a bar rata. Hannun hagu ya cike gurbin da ya rage a mariƙi ya matse, wuyan hannu a kafe, ƙirji ya ɗan rinjayo gaba. Ka tsaya ta gefensa kana kallon hannun, ka bar allon. In ka ga hancin bindigar yana tsalle sama yana daɗewa bai dawo ba, ko yana gyara riƙo bayan kowane harbi, ka sami amsarka. Sannan ka cusa harsashin gwaji marar albarushi a tsakiyar magazin ba tare da ya san wuri ba. Da ya zo kansa, kunama za ta yi ƙas, za ka ga hancin ya dulmiya ƙasa, don jikinsa ya riga ya tare dukan da bai zo ba. Na-dama mai wannan hali harbinsa ƙasa yake sauka ta hagu. Yawancin masu cewa saitin bindigarsu ya karkace, wannan ne.

Bayan haka ka ɗauko masa Glock 19 ta wurinmu, ko wata mai girmanta, ya yi harbi da harsashin da ya saba. Ita tun 1988 take, tana cin 15, nauyinta wajen giram 670 da magazin ba harsashi. Bambancinta da tasa a sikeli bai kai giram 200 ba, amma hannunsa zai gaya masa. A ganina nan ne iyakar ƙanƙantar da ta dace da yawancin mutane, musamman wanda harbinsa na kulob ne, daga akwati zuwa layi, daga layi zuwa akwati. Me zai yi da 'yar mitsitsiya? Ita an yi ta ne don wanda aikinsa ya tilasta masa ɓoye ta a jiki yini guda, ya yarda ya biya da wahalar harbi. In kuma Alhaji ya nace sai tasa, akwai magazin na kamfanin mai ɗan ƙarin gindi da ƙaramin yatsa zai samu wurin zama. Sau da yawa wannan kaɗai yakan kashe maganar.

Ka kuma gaya masa duk wadda ya tsayar, kada ya amince mata sai ya ƙona ɗaruruwan harsasai da hannunsa, da magazin ɗinsa duka, da irin harsashin da zai riƙa amfani da shi. Wata tana cin mai mulmulallen kai lami lafiya, a ba ta mai rami a ka ta tuntuɓe a bakin bututu. Gwajinka da hannunka bai wanke ta ba, kamar yadda ka gani.

Kada kuma ya je baje kolin kayan farauta na Malham, can kusa da Riyad, ya ga wata a cikin gilashi tana ƙyalli ya ce a naɗe masa. Canza bindiga a ƙasar nan da takarda yake tafiya, lasisi daga Ma'aikatar Cikin Gida, kowacce da lambarta a kan sunan mai ita, ba a mayar da ita kamar takalmin da ya matse. Kai ma kafin ka taɓa kowace bindiga ka haɗa lambar jikinta da ta lasisin, ka cire magazin, ka ja silaid ka leƙa cikin bututu da idonka, ko da mai ita ya rantse babu komai. Ka ajiye mini kwanson da suka maƙale a leda, da lambar magazin ɗin da kowanne ya fito, in na shigo ranar Lahadi in sha Allahu zan duba bakinsu.