Amsa ga Yaya Alhaji kan hawan babur ɗin yaronmu na Ingila

Assalamu alaikum warahmatullahi. Jama'ar wannan zaure, barkanmu da yamma. Ya ruwa, ya aikin gona? Ku yi haƙuri, muryar nan za ta ɗan ja, yatsuna ba sa jure rubutu a waya, kuma maganar ba ta layi biyu ba ce. Wanda datarsa ta yi ƙasa ya bari sai dare.

Yaya Alhaji, Allah ya ƙara girma, tun jiya bayan isha'i na ji tambayarka. Ka ce yaron nan namu da ke aikin jinya a Ingila ya turo wani shafi, wai shi da abokan aikinsa za su hau babura su ratsa ƙasar daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a tara musu kuɗi don taimakon ma'aikatan lafiya a Afirka. Ka ce in taimakon suke so da gaske, me ya hana su haɗa kuɗin man da za su ƙona da na masauki su aika kawai, sai an yi yawon babur? Ƙanina na kanti kuma ya ɗora da cewa shi duk abin da aka ce danna nan ka sa kuɗi, kallon damfara yake masa. Ban ga laifinsa ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake yi.

Kafin in ce komai, kowa ya san yaron nan ɗan ƙanwata ne. To kar a ce kawu ya zo wanke ɗansa. Ni ma sai da na kira shi na yi masa tambayar ƙure, zan zo kan wannan.

Yaya, ka tuna lokacin da muka yi gidauniyar rufin masallacin Juma'a? Mun kama hayar rumfa, mun kama kujeru, mun ɗauko lasifika da janareto, an dafa shinkafa saboda baƙi. Duk kuɗi ne suka fita. Amma ba wanda ya miƙe ya ce a fasa taron, a sa kuɗin rumfa a sayi kwano. Mun san kuɗin rumfa ba zai rufe ko sahu biyu ba, taron ne yake jawo mutum ya sa hannu a aljihu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. To hawan babur ɗin nan shi ne rumfarsu, shi ne lasifikarsu. Bature ba ya zuwa gidauniya ya zauna a rana, amma in ya ji wanda ya sani zai wahalar da kansa saboda wani abu, sai ya tsaya ya saurara.

Ga yadda abin yake tafiya. Akwai wata hanya da suka daɗe suna bi don irin wannan, daga wani wuri a can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila, Land's End, zuwa John o' Groats a ƙarshen arewacin Sikotilan, mil 874, wajen kilomita 1,400 ke nan. Wasu a keke, wasu a ƙafa, wasu a babur. Kafin ya tashi, mutum zai bi abokan aikinsa da maƙwabta da mutanen masallacinsu, ya ce ga abin da zan yi, ga inda kuɗin za su. Wannan ya ce na ba da fam 10, wancan ya ce ni zan biya kaza a kan kowane mil da ka ci. Matar da suke aikin dare tare a asibiti ba ta san inda Gambiya take ba, amma ta san shi, ta ga yadda yake kula da marasa lafiya. Saboda shi za ta bayar. Akwai kuma wani tsari a can, Gift Aid suke ce masa: in mai bayarwar yana biyan haraji a ƙasar, duk fam ɗaya da ya ba ƙungiyar agaji mai rajista, gwamnati na ƙara mata kwata ɗin fam daga harajin da ya riga ya biya. Fam 100 sai ya koma 125. Kuɗin man yaran nan su huɗu ko biyar, ko an haɗa shi, ba zai kamo ƙafar abin da mutum ɗari biyu za su tara ba.

Kuma ba Turawa kaɗai ke yi ba. Wasu cikinku sun ji a rediyo a 2022, wani Bayarabe, Kunle Adeyanju, ɗan ƙungiyar agaji ta Rotary a Legas, ya taso daga Landan a kan babur cikin watan Afrilu, ya bi ta Faransa da Sifen, ya tsallaka ruwa zuwa Maroko, ya keto Sahara ta Muritaniya, ya faɗo Senegal da Mali, har ya shigo Najeriya ta Seme a ƙarshen watan Mayu. Kwana arba'in da 'yan kai, sama da kilomita 12,000. Ka lissafa Kano zuwa Legas sau goma sha biyu. Don me? Don yaƙi da shan inna. Ita kuwa Rotary, duk dala ɗaya da ta tara wa wannan aikin, gidauniyar Bill Gates na ɗora mata biyu. Mu da muka ga 2003, lokacin da aka dakatar da ɗigon foliyo a Kano, muka ga yaran da suka shanye bayan nan, har muka kai watan Agustan 2020 da aka ce an raba Afirka da ainihin ƙwayar cutar ta daji, mun san ba da yawun baki aka yi wannan aikin ba. Kuɗi ne, kuma wani ɓangarensu ta irin wannan hanyar ya taru.

Na san abin da ya ɓata mana ido da irin wannan. Tattakin 2015 ne, bayan zaɓe, da kowa ya ɗaura jaka ya kama hanya, wannan zai je taya shugaban ƙasa murna, wancan gwamna, wani ma ɗan majalisa. Mafi yawansu sun tafi ne su karɓo. Waɗannan kuwa in an yi abin bisa ƙa'ida, ko sisi ba ya shiga aljihun mai tafiyar, sai ciwon baya da ya dawo da shi.

Ɗan dakata... kai, rufe ƙofar nan, awaki za su shiga rumbu. Yauwa. Ku yi haƙuri.

Abin da ya sa maganar ta taɓa ni, ba yaron ba ne, babur ɗin ne. Shekara ashirin da wani abu na yi ina aikin rigakafi a ƙauyukan fadamar nan, kun sani. Allurar nan ba ta son zafi, tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake riƙe ta. Da asuba za ka jera ƙanƙara a akwatin sanyi, ka shirya kwalabe, ka ɗaure a bayan babur da roba, daga nan kai da rana kuke tsere. A jikin kwalbar akwai wani ɗan tambari, da'ira da ɗan murabba'i fari a tsakiya. In zafi ya taɓa ta, murabba'in ya dinga duhu, ranar da ya yi daidai da da'irar, shi ke nan, sai zubarwa.

Wata damina na nufi wata ruga a bayan kogi. Mata sun fi talatin suna jirana a gindin tsamiya, tun mako guda mai unguwa ya yi shela. Ina cikin laka, kacala hagu da dama ta fi tsayina, sai na ji ƙas, babur na ta kuka ba ya tafiya. Ceni ya tsinke. Wata uku ina rubuta takarda a ofis cewa ceni ya saki, a ba ni kuɗin canji, ana ce mini ba a sako kuɗi ba. Na tura babur ɗin nan wajen awa biyu kafin wani mai amalanke ya tausaya mini. Da na isa, la'asar ta yi sakaliya, mata sun watse, saura wata tsohuwa da jikanta a goye. Na buɗe akwati, ƙanƙara ta zama ruwan ɗumi. Na ɗaga kwalba na duba tambarin a gabanta, na mayar. Ta ce, "Likita, ba za ka yi masa ba?" Na ce sai wani zuwan, Inna. Ba ta ce komai ba, ta gyara goyonta ta tafi. Kuɗin cenin nan a lokacin bai kai kuɗin zakara biyu ba.

Kuma ku je bayan ofisoshin lafiya da yawa ku gani, babura ne jingine a bango, ciyawa ta fito ta cikin taya. Ba tsufa ne ya kashe su ba. Wani fulogi ne, wani tif, wani an ƙi yi masa juyen baƙin mai har inji ya buga. Kowa na son ya ba da sabon babur a ɗauki hoto, ba mai son ya biya kuɗin sabis, don ba a yanka ƙyalle a kan baƙin mai. Wannan ciwon ne wasu masu harkar tseren babur suka gani a Somaliya a ƙarshen shekarun 1980, wani Bature Barry Coleman da matarsa Andrea, da wani gwanin tsere Ba'amurke, Randy Mamola. Suka kafa ƙungiyar da ake kira Riders for Health, suka yi aiki a Lesoto da Gambiya da Zimbabuwe, har nan Najeriya. Hikimarsu ba mai tsawo ba ce: a koya wa ma'aikacin lafiya ya duba babur ɗinsa kowace safiya, a kuma sa makaniki ya bi shi ya canja abu kafin ya lalace. Da na ji irin wannan aikin yaran suke tara wa kuɗi, wallahi tsohuwar nan ce ta faɗo mini a rai.

Su a can suna ce masa taimakon lafiya a ƙasashen waje. To mu ne ƙasashen wajen, Yaya. Ga Jahun nan kusa. Tun 2008 Likitocin Na-gari Na-kowa, MSF, suke babban asibitin garin suna karɓar haihuwa, suna yi wa masu yoyon fitsari aiki kyauta. Gida nawa ne a garin nan ba su taɓa kai mace can cikin dare ba? Mafi yawan kuɗin ƙungiyar nan daga hannun ɗaiɗaikun mutane yake fitowa, waɗanda ba su taɓa jin sunan Jigawa ba.

Yanzu maganar ƙanina na kanti, don tana da ƙarfi. Akwai 'yan damfara a wannan harkar, kuma akwai waɗanda ba ɓarayi ba ne amma yawon shaƙatawarsu suke so jama'a ta biya musu, su manna sunan asibiti a gaba. Shi ya sa da na kira yaron, abin da na fara tambaya shi ne, wa zai sayi mai, wa zai biya masauki? Ya ce su, daga aljihunsu, babura ma nasu ne. Na ce kuɗin da aka sa a shafin, asusun wa suke faɗawa? Ya ce kai tsaye asusun ƙungiyar agajin da suke tara wa kuɗin, shi adadi kawai yake gani kamar kowa. Na ce turo mini lambar rajistarta. A Ingila akwai hukuma mai kula da ƙungiyoyin agaji, kowace mai rajista tana da lamba, kuma ana iya duba lissafin kuɗinta na shekara a intanet. Ya turo, na sa ɗana na jami'a ya duba, ta fito. Da ya ce mini a tura ta asusunsa shi zai miƙa, to ko ɗan cikina ne zan ce a dakata. Ku ma duk wanda ya kawo muku irin wannan, ku yi masa waɗannan tambayoyin, in ya fara kame-kame ku riƙe kuɗinku.

Batun ko akwai riya a ciki, tun da ana ɗaukar hoto ana yaɗawa, wannan ba fagena ba ne, ga Malam Liman nan a zaure. Haka wanda ya tambaya ko zai iya sa zakkarsa, shi ma ya ji daga bakin Malam, kar ya ce ni na ce.

To mu ba da ko kar mu ba da? Ni ga ra'ayina, kuma yaron ma na faɗa masa.  In muka matse kanmu a wannan watan da hatsi ya ƙare a rumbu, sabo bai shigo ba, muka haɗa naira dubu hamsin, can fam ashirin da 'yan kai ne, abin da mutum ɗaya zai bayar yana shan shayi.  Bai turo shafin don ya tatse mu ba, ya turo ne mu sani, mu yi masa addu'a, mu tura wa 'yan garin nan da ke Abuja da Saudiyya da sauran wurare, masu ɗan hali. Wanda ya ga zai iya, ya sa, Allah ya ba da lada.

Amma dubu hamsin ɗin nan a nan gida kuɗi ne. Babur ɗin asibitinmu na sha-ka-tafi wata na biyar ke nan yana jingine, yarinyar da ke rigakafi acaba take hawa da kuɗinta, ranar da ba ta da shi kuma rugage ba su gan ta ba. Jiya da safe na je na duba shi da makanikin bakin kasuwa. Inji lafiya lau. Ceni ne, da tayar baya, da birki, da juye. Na ce ya rubuto lissafi, zan ɗauki hotonsa in sa a nan zauren gobe in Allah ya kai mu, kowa ya gani da idonsa. Ni na ɗauki kuɗin baƙin mai na wata shida. Ma'aji, ka buɗe shafi daban a littafinka, kar a gwama da kuɗin maƙabarta. Ranar kasuwa bayan azahar ina wajen makanikin, mai son ya ga babur ɗin ya same ni can.

Ga kiran magariba nan an fara. Yaya Alhaji, in na yi kuskure a gyara mini. Wassalamu alaikum.