Batirin Caji da Ke Saurin Mutuwa: Wanne Za a Fara Saya, Batir ko Caja?

Tambaya: Malam, ƙananan batura masu caji da nake sa wa rediyo da tocila sun koma mutuwa cikin rabin sa'a, kuma suna zafi sosai a kan caja. Mai shago ya ce in sayi masu lamba 4800. In saya? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Malam, kada ka saya tukuna, domin a ganina cajarka ce ta ƙafar da ruwan da ke cikinsu.

Ƙaramin batir mai caji irin wanda aka rubuta NiMH a jikinsa yana ajiye wuta ne a cikin garin nikel haidiroksaid, wanda aka jiƙa da ruwan fotasiyam haidiroksaid, ɗan'uwan sodar da ake dafa sabulu da ita. Garin shi kaɗai ba ya ratsar da lantarki sosai, shi ya sa masana'antu ke gauraya shi da wani ƙarfe mai suna kobalt, kuma ta cikin ruwan ne ƙwayoyin da ke ɗauke da caji suke kai da komowa tsakanin ɓangarorin batirin biyu. Idan batir ya cika amma caja ta ci gaba da ɗura masa wuta, rarar wutar tana tsaga ruwan ya zama iska, iskar kuma ta fice ta wata 'yar ƙofa da ke ƙarƙashin hularsa. Abin da ya fita ba ya dawowa. Ka duba bakin hular, wataƙila ka ga wani farin gari ya daskare a wurin. Da zarar takardar da ke raba ɓangarorin biyu, wadda ke riƙe da ruwan, ta fara bushewa, hanyar wuta ta ƙuntata, sai mita ta nuna maka bolt 1.2 lafiya lau, amma kana kunna tocila haske ya dushe.

Saboda haka ka fara sayen caja mai lura da kowane batir daban, wadda ke yanke wuta da kanta idan ya cika, kuma ka riƙa caji a inuwa, musamman da bazara. Lambar 4800 kuwa, wadda ke nufin yawan wutar da batir ke iya ɗauka, talla ce kawai, domin batirin AA na gaskiya irin wannan bai cika wuce 2700 ba. Batirin Eneloop, wanda kamfanin Sanyo na Japan ya fitar a 2005, yana ɗauke da kusan 2000, kuma ya fi masu lamba 4800 ɗin ƙarko nesa ba kusa ba.

Tambaya: Zan iya huda batirin in ƙara masa ruwa?

Amsa: A'a, ruwan cikinsa yana ƙona fata, yana kuma iya makantar da ido. Manyan batura masu murfi ne ake ƙara wa tataccen ruwa, irin na nikel da ƙarfe da Thomas Edison ya fito da shi a 1901.