Wayata tana sauraron hirata ne? Amsoshin tambayoyinku

Tambayoyin da suka taru wannan karon kusan duk a kan labaran da ke yawo a waya ne, irin waɗanda ake turowa a ce "don Allah a yaɗa". Na ɗauki huɗu daga ciki.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Jiya muna hira da ƙanwata a kan takalmin motsa jiki, ban taɓa neman sa a intanet ba. Da daddare na buɗe Facebook, sai ga tallarsa. Wayar tana sauraronmu ne?

Amsa: Barka kadai, 'yar'uwa. Babu tambayar da ta kai wannan yawan zuwa gare ni. Kamfanin Facebook ya fito tun 2016 ya ce ba ya amfani da makirufon waya don zaɓar talla. To, za ki ce ai mai laifi ba ya cewa shi ne, kuma kina da gaskiya. Shi ya sa na fi jingina da aikin masu bincike na Jami'ar Northeastern da ke Amurka, waɗanda a 2018 suka gwada manhajojin Android fiye da 17,000, ba su kama ko ɗaya tana naɗar murya a ɓoye tana aikawa ba. Abin da suka kama daban ne: wasu manhajojin suna ɗaukar hoton abin da ke kan fuskar waya su tura wa wasu kamfanoni.

Ni a ganina abin da ya faru da ke ya fi saurare ban tsoro. Mai yiwuwa ƙanwarki ce ta nemi takalmin a tata wayar, kafin hirar ko bayanta. Lambarta tana cikin wayarki, kuna abota a Facebook, kun yini wuri ɗaya, wataƙila ma kan Wi-Fi ɗaya. Na'urar da ke raba talla ba ta buƙatar kunne, lissafi kawai za ta yi ta ce abin da wannan ke so, ta kusa da ita ma za ta so. Sannan akwai halin ɗan Adam. Talla nawa ta wuce ta gabanki jiya ba ki ko kalla ba? Wadda ta dace da hirarku ce kaɗai ta tsaya miki a rai.

Ban wanke su gaba ɗaya ba fa. Siri na iPhone da mataimakin Google, wato manhajojin da ake ba umarni da murya, kullum kunnensu a buɗe yake suna jiran a kira sunansu, kuma wani lokaci sukan farka ba a kira su ba. A 2019 aka gano Apple da Google da Amazon duk suna da mutanen da aka ɗauka haya suna sauraron wasu gutsattsarin muryoyin don gyara aikin na'urar. Idan kina son ganewa da idonki, duba saman fuskar wayar. A iPhone, tun fitowar iOS 14 a 2020, ɗigo mai ruwan goro yana bayyana duk lokacin da makirufo ke aiki. A Android 12 zuwa sama, alamar kore ce. Ki shiga saiti, sashen izinin manhajoji, ki ƙwace makirufo daga duk wadda ba ta da hurumi da shi. Manhajar tocila me za ta yi da muryarki?

Tambaya: An turo mana saƙo a WhatsApp cewa gobe wani bidiyo mai suna Martinelli zai shigo, duk wanda ya buɗe shi wayarsa ta mutu, ba gyara. Gaskiya ne?

Amsa: Wannan goben tun 2017 ake jiran ta. Saƙon yakan kwanta, ya sake tashi bayan 'yan watanni cikin wani harshe, bidiyon kuwa har yau ba wanda ya gan shi. Ka duba saman saƙon, in ka ga kibiya biyu, alama ce ya bi hannu biyar ko fiye kafin ya iso gare ka. Tun watan Afrilun 2020 WhatsApp ya hana a tura irin wannan saƙo sai ga mutum ɗaya ko zaure ɗaya a lokaci guda, don dai a rage masa gudu.

Sai dai ruwa ba ya tsami banza. A 2019 an samu ɓaraka ta gaske a WhatsApp, wadda ta ba da damar a cusa wa waya manhajar leƙen asiri ta Pegasus, ta kamfanin NSO na Isra'ila, da kira kawai, ko mai wayar bai ɗauka ba. Mutum kusan 1,400 abin ya shafa, cikinsu akwai 'yan jarida da masu kare haƙƙin ɗan Adam. Ka lura, wannan ba ta aiko da sanarwa a gaba ba, kuma sabunta manhajar ne ya toshe ta. Don haka in wayarka ta ce a sabunta, ka daina ɗagawa zuwa gobe.

Abin da ke raba talaka irina da irinka da WhatsApp ɗinsa ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba. Wani zai kira ka da ladabi ya ce ya turo maka lambobi shida bisa kuskure, ka karanto masa. Kana karantawa, asusunka ya koma wayarsa, ya shiga roƙon 'yan'uwanka kuɗi da sunanka. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar sirri ta tsaro, a cikin saitin asusu, kuma ka guji jabun WhatsApp irin su GB da Gold da ake saukewa ta bayan fage.

Tambaya: Yayana ya ce barin waya a caji har gari ya waye yana sa ta fashe.

Amsa: Wayar zamani da kanta take tsayar da caji in batir ya cika, wasu ma sukan dakata a kashi 80 sai dab da lokacin tashinka su ƙarasa. Ina jin labarin Galaxy Note 7 ne ya tsaya wa yayanka a rai. A 2016 Samsung ya janye guda miliyan 2.5, aka hana shiga jirgin sama da ita, amma laifin ƙirar batirin ne, ba na kwana a caji ba. Zafi shi ne abokin gabar batir. Kada a yi caji ƙarƙashin matashi, kada a yi da caja marar asali. In kuwa bayan wayar ya fara kumbura, a daina amfani da ita ranar.

Tambaya: Malam, na ji wai wani Bature ya jefa dukiyarsa a bola cikin kwamfuta. Almara ce ko?

Amsa: Ba almara ba ce, ko da yake ta fi almara daɗin ji. A garin Newport na yankin Wales a Birtaniya abin ya faru, a 2013. Faifan ajiyar tsohuwar kwamfutarsa ne ya tafi cikin shara, kuma mutumin ya ce akwai bitcoin, wato kuɗin intanet, guda 8,000 a tare da shi. Daga baya darajarsu ta kai ɗaruruwan miliyoyin daloli. Ya shafe fiye da shekara goma yana roƙon hukumar garin ta bar shi ya tona jujin, ta ƙi saboda gudun gurɓata muhalli. Ya kai ƙara, a watan Janairun 2025 kotu ta yi watsi da ita.

Gyara ɗaya zan yi wa yadda ake ba da labarin. Kuɗin ba a cikin faifan suke ba. Suna nan a rubuce cikin kundin bitcoin da ke kan dubban kwamfutoci a duniya, ba su motsa ba. Abin da ke cikin faifan mabuɗin sirri ne, jerin lambobi da haruffa da ba su cika layi biyu a takarda ba, kuma in babu shi, ba banki ba kamfani da zai iya buɗe maka. Da ya kwafe shi da biro a bayan wani littafi, da yau ba mu san da zamansa ba.