Da gaske masu sharhi sun yi tir da fim ɗin kaboyin nan?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ƙanena yana karatun fim, an ba su The Wild Bunch su yi sharhi, na leƙa na ga jini kamar a mahauta. Wani a Facebook ya ce Turawa ma sun tsine masa don yana koyar da kisa. In hana shi kallo ne?

Amsa: Kwantar da hankalinki 'yar uwa. Gaskiya ne da ya fito a 1969 kan masu sharhi ya rabu, wasu suka ce daraktansa Sam Peckinpah ya mai da kisa abin ado, musamman yadda yake rage gudun hoto a ga mutum yana faɗuwa sannu a hankali. Amma mai sharhin finafinai Roger Ebert tun a taron 'yan jarida ya miƙe ya kare shi, Vincent Canby na jaridar New York Times ma ya yaba, fim ɗin ya shiga takarar Oscar a rukuni 2, a 1999 kuma aka sa shi cikin finafinan da Amurka ke adanawa na tarihi.

Abin da ke ƙona min rai, kullum sai na ji shi, wai in babu jini fim ya zama mai tsafta, a kunna wa yara. Haba! Kafin 1968 akwai dokar Hays da ta takura abin da za a nuna a finafinan Amurka, shi ya sa a tsofaffin finafinan kaboyi jarumi zai yi ta harbe Indiyawan daji, kowa ya dafe ƙirji ya kife, rigarsa tsaf, ba mai kuka ba mai jana'iza, 'yan kallo na tafi. To wanne ya fi koya wa yaro cewa ran mutum ba komai ba ne? Peckinpah ya yi nasa ne lokacin da Amurkawa ke ganin gawarwakin yaƙin Biyetnam a talabijin, labarin kuma na 1913 ne a iyakar Tekzas da Meziko, tsofaffin 'yan fashi da zamani ya wuce su, kuma a harbe-harben farko ma mutanen gari da ba su ji ba ba su gani ba su ne suka sha harsashi. Ki lura da farkon fim ɗin, yara sun jefa kunamu cikin tururuwa suna dariya, daga baya suka cinna musu wuta, wannan ba aikin mai tallan kisa ba ne. Amma masu sharhin waya ba su kai nan ba, minti ɗaya suka yanko daga faɗan ƙarshe suka hau fatawa, ko sunan daraktan ba su sani ba.

Ƙanenki ya kalla, karatunsa ne, kuma ya karanta har da waɗanda suka soke shi don hujjarsu ba banza ba ce, akwai masu kallon jinin suna jin daɗi. Fim ɗin dai na manya ne, ƙananan yara ki fitar da su daga ɗakin.