Wace risiba zan saya da kuɗi kaɗan don fim, waƙa da PS5?

Ɗan'uwa, ka ce kuɗinka ba su da yawa, kuma kana son risiba ɗaya, wato na'urar da ke karɓar sauti da hoto ta tura su ga sifikoki da talabijin, ta riƙe maka fim, waƙa da PS5. To, fara duba ramukan HDMI. PS5 da Xbox Series X suna fitar da hoton 4K a 120Hz (hoto 120 a kowace daƙiƙa), wanda sai HDMI 2.1 ke iya wucewa da shi, in talabijin ɗinka ma yana ɗauka. Sony STR-DH590 tana da araha, amma iyakarta 60Hz. Denon AVR-S570BT tana da HDMI 2.1 ɗin da Bluetooth na jin waƙa daga waya, sai dai babu Dolby Atmos, tsarin sautin da ake ji har daga sama. Ni ban ga asara a nan ba, domin Atmos yana buƙatar ƙarin sifikoki na sama, 5.1 kuwa, wato sifikoki biyar da ta bass ɗaya, ta ishi falo.

Kada babbar lambar watt ta jikin kwali ta ruɗe ka. Canjin da ya rage ka zuba shi a sifikar tsakiya, daga nan maganar 'yan fim ke fita.

In ta hannu za ka saya, juya bayanta ka karanta: 'yar Amurka 120V take sha, wutarmu 230V ce. In babu taransifoma, nan take za ta ƙone.